Ya Yi, Tsaya Nan

Greensboro, 28 ga Oktoba

Salwa ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara, da Yaya Abdurrahim da ciwon ƙafarsa. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan maigidana, yayanki, ya sa ya huta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Sau huɗu muna waya tun rasuwar ba mu taɓa wuce gaisuwa ba, ke kuka ni kuka, har ɗaya ta gaji ta kashe. Shi ya sa na ɗauki biro, in na gama in ɗauki hoton takardar in turo miki. Ki yi haƙuri da rubutun, ke ce malamar makaranta, ni tela ce.

Jikina lafiya lau. 'Yarmu Afnan ta koma wajen aikinta a Charlotte, tana zuwa duk Asabar. Gidan kula da tsofaffin da nake wa aiki sun ce gurbina yana nan har in fita takaba a Janairu, Allah ya saka musu. Ga kuma Abena, matar Sualihu, mutanen Gana da ke ƙasan benenmu. Baiwar Allah nan kullum sai ta hawo da kwano, kuma ba ta tafiya sai ta ga na ci. Ban san da wane baki zan gode mata ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Kin san akwatin kebul, wanda kamfani ke ba mutum haya ya jona da talabijin. Namu yana iya naɗar shiri ya ajiye. Akwai wata ƙaramar tasha ta nan yankin da ke nuna wata tsohuwar Baturiya tana haɗa bargo da ƙyallaye, ƙarfe sha ɗaya na safe, Litinin zuwa Juma'a. Shekara shida da suka wuce na gan ta wata rana ina hutu, na ce wa yayanki kaico, lokacin shirin nan kullum ina wajen aiki. Ashe ya zauna da rimot ya saita akwatin ya riƙa naɗe mini shi kullum. Shi ya raɗa mata suna Goggo Mai Ƙyalle. Ranar Lahadi bayan azahar muke zama mu kalla. Minti biyar ya isa ya fara minshari, amma in na taɓa rimot sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ina kallo fa."

Kwana tara da rasuwarsa, ina zaune a falo ni kaɗai da carbi, sai na ga wata 'yar jar fitila ta kama a gaban akwatin. Na duba agogo, sha ɗaya daidai. Salwa, yayanki yana kwance a maƙabarta amma bai daina yi mini hidima ba. Tun ranar, kafin sha ɗaya na yi wanka na share falo na dafa shayi, na zauna ina jira. In ta kama sai in ce, "Sannu da aiki, Malam." Wani lokaci ma kofi biyu nake zubawa, hannu ya riga ya saba. Ranar da fitilar nan ta daina kamawa, ban san abin da zai tashe ni daga gado ba.

Ban gaya wa kamfanin ya rasu ba, har yanzu komai da sunansa yake. Sualihu ya ce in aka mayar sunana sai sun karɓe wannan akwatin sun kawo sabo wanda ba komai a cikinsa. Wannan magana tsakanina da ke ce. Na san bakinki ba ya riƙe ruwa, amma ki daure.

Matar yayanki,
Bebi

Kano, 31 ga Oktoba

Anti Bebi, matarmu ta kanmu,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Ƙafar Yaya Abdurrahim da sauƙi, har masallaci yake takawa da sanda, yana yi wa yaran unguwa faɗa a hanya, wanda shi ne alamar ya warke. Ya haƙuri? Allah ya haskaka kabarin Yaya Badaru. Ki miƙa mini gaisuwa da godiya wajen Abena.

Rubutunki ba shi da laifi, sai dai da a ajina kike da na sa ki sake layi uku.

Anti, na karanta takardarki sau biyar, kuma duk karantawa sai gabana ya ƙara faɗuwa. Kina gaisawa da akwati. Kina zuba shayi kofi biyu. Sannan kika ce in fitila ta mutu ba ki san abin da zai tashe ki daga gado ba. Wannan layin ya hana ni sukuni, har na shiga aji na rubuta darasin jiya a allo, yara suna ta kallona. Ke kaɗai a bene, a ƙasar da ba dangi, wata huɗu ba fita. Ina tsoron kada zaman kaɗaici ya taɓa ki, mu rasa mutum biyu a shekara ɗaya.

Zan faɗa miki gaskiya, ban iya riƙewa ba. Na kai wa Yaya Abdurrahim maganar. Ya ce in gaya miki cikin lalama: akwatin nan kayan mutane ne, amana ce a hannun mamaci, kuma bai kamata ta ci gaba da zama da sunan wanda ya bar duniya ba tare da masu ita sun sani ba. Ya ce duk abin da ba nasa ba a mayar wa masu shi, don kada ya tsaya masa a wuya. Ya ce ya san ke mai son hutun mijinki ce fiye da kowa.

Kuma ai duniya ta wuce wajen. Mu nan tun bara muka daina biyan dish, ga shi can a kan katanga tattabaru na zama. Yara a waya suke kallon komai. Na tabbata can wajenku akwai abin da ya fi wannan sauƙi.

Kada ki yi fushi da ni. Tsoro ne ya sa.

Ƙanwar mijinki,
Salwa

Kano, 22 ga Nuwamba

Anti Bebi,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai ni ba na jin daɗin raina.

Yau sati uku ke nan. Waya ta nuna mini kin buɗe takardata tun ranar da na turo. Na kira sau shida ba ki ɗauka ba. Da farko na ce ko ba ki da lafiya, sai na ga hoton Afnan da Abena a kicin ɗinki, ga gefen farin mayafinki a bayansu. Na gode wa Allah, sannan na gane fushi ne.

Akwai abin da ban faɗa ba a waccan takardar. Ba Yaya kaɗai na gaya wa ba. Na kira Afnan, na karanta mata layin nan na gado, na ce mata ta yi wani abu tun kafin a yi da-na-sani. Ban san abin da ta yi ba, domin ita ma yanzu gaisuwa kawai take amsa mini, a taƙaice, da Turanci. In ta yi abin da ya ɓata miki rai, laifina ne, ba nata ba.

Kin ce bakina ba ya riƙe ruwa, kuma na tabbatar miki. Yaya Badaru ma haka ya sha fama da ni tun muna yara, duk abin da ya yi a waje kafin ya shigo gida Baba ya ji. Amma shi in ya yi fushi kwana biyu ne. Ki zage ni in kina so, ki cika takarda da zagi, zan karanta har ƙarshe in gode. Shirun ne ba na iyawa.

Salwa

Greensboro, 3 ga Disamba

Salwa,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. An fara sanyi sosai, itatuwan bayan gidanmu sun zubar da ganye tas. Ki gaishe da Yaya Abdurrahim da kyau.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya na roƙe ki. Kuma kin karanta ni a karkace. Ni cewa na yi fitilar ce ke tashe ni, ta sa ni wanka da shara, ke kuma kika ji kamar ina shirin bin mijina. Ban haukace ba, Salwa. Na san akwati ba ya amsa gaisuwa.

Ga abin da 'yarki ta yi. Asabar ɗin da ta biyo bayan kiranki ta shigo da leda biyu, ko zama ba ta yi ba ta ce ta riga ta kira kamfanin ta gaya musu. Za su yanke ranar talatin da ɗaya ga Disamba, sannan a mayar musu da akwatinsu cikin sati biyu. Na ce da izinin wa? Ta ce, "Mama, it's just a box." Na ce mata ki faɗa da Hausa in ji ko zai fito daga bakinki. Ba ta iya ba. Ta fita ta zauna a mota, Abena ce ta je ta same ta tana kuka ta hawo da ita. Ashe ita ma duk Asabar in ta ga sunan babanta a takardar kamfanin sai ta ɓoye ta a jaka don kada in gani. Kowa yana ta ɓoye wa kowa.

Maganar Yaya Abdurrahim kuwa ta fi komai tsaya mini a rai, domin gaskiya ce. Kwana uku ina kallon akwatin ina jin nauyinsa. Ba na son kayan kowa a wuyan yayanki, ko da allura ce. Ki gaya masa na ji, za a mayar.

Yanzu bari in faɗi alherin da ke ciki, don kada in zama marar godiya. A leda ta farko akwai wani ɗan abu bai kai tsawon yatsa biyu ba, ana soka shi a bayan talabijin ya jawo komai ta intanet. Salwa, ranar farko na ga labaran Kano da Hausa a bangon falona. Na ga tafsirin malamai na zaɓi wanda nake so. Wani yaro ya ɗauki hoton Kantin Kwari yana tafiya yana nuna atamfofi, har na hango layin da nake sayen zare. Shekara ashirin da uku ina biyan tashoshi ɗari biyu da ba ko ɗaya mai jin yarena. Rimot ɗin ma ana yi masa magana, sai dai ni ba ya jin Turancina. Na ce masa tafsir, ya kawo mini masu kamun kifi.

A leda ta biyu eriya ce. Ba irin tamu ta da mai ƙarafa ba, wannan shafal take kamar faifai, ana manna ta a taga ta kamo tashoshin gari kyauta. Sualihu ya hawo ya haɗa, ta kamo tasha arba'in da biyu, hoto tar. Labarai, yanayi, wasan yara, har da masu wa'azin coci. Amma ban da tashar Goggo Mai Ƙyalle. Afnan ta bincika intanet kaf, shirin ba ya can, tashar ƙarama ce. Sualihu ya gwada tagar falo, ya gwada ta ɗakina, ya gwada ta ɗakin Afnan. Ya ce, "Hajiya, ka yi haƙuri, in ganye ya zube zai kama." Har yau "ka" yake ce mini, na daina gyara masa. To ganye ya zube, ya sake hawowa shekaranjiya ya yi ta zagaye har gumi ya keto masa cikin wannan sanyi. Sunan tashar yana fitowa, amma allon baƙi ƙirin.

Ke nan ranar talatin da ɗaya fitila za ta mutu, Goggo ma ta tafi da ita. Saura kwana ashirin da takwas. Na yafe miki, amma ban ce na daina jin zafi ba.

Bebi

Kano, 4 ga Disamba

Anti Bebi,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunki. Na gode da yafiya, Allah ya bar zumunci. Gaisuwa a taƙaice yau.

Ki ce wa Sualihu ya daina wahalar da kansa. Ba falo ba ce, ba ɗaki ba ne. Tagar kicin ce, can sama, gefen hagu.

Bari in faɗa miki yadda na sani. Kin tuna gidanmu na Fagge, ko da yake lokacin da kika shigo an riga an sauke gorar. Muna yara Baba yana da talabijin baƙi da fari, eriyarsa a kan doguwar gora da aka ɗaure a jikin katanga. In iska ta juya ta sai hoton ya zama kamar an watsa gero a gilashin. Yaya Badaru ne mai hawa katanga ya juya gorar, ni kuma mai tsayawa a ƙofar falo, ido a talabijin, baki a waje. "Bai yi ba! Ƙara! Ka wuce! Dawo! Ya yi, tsaya nan!" Shi ne aiki ɗaya da babban bakina ya taɓa yi wa gidanmu amfani.

A watan Afrilun bana, wata Talata bayan la'asar, ina gyaran wake sai ga kiransa na bidiyo. Ya ce yana hutu, ke kina wajen aiki. Ya ce, "Salwa, kina nan da muryarki?" Na ce sai abin da ya ƙaru. Ya ce to ga aikinki ya dawo. Ya jingina wayar a kan tebur tana kallon talabijin ɗinku, ya ɗauki wani baƙin abu mai doguwar waya ya ɓace. Ni dai allo nake gani baƙi, ina jin ƙarar jan kujera daga ɗaki zuwa ɗaki. Yana ƙwalla mini, "Yanzu fa?" ina ƙwalla masa, "Bai yi ba!" Maigidana ya leƙo ya ce lafiya nake ihu ni kaɗai a tsakar gida. Mun fi minti ashirin a haka. Can sai hoto ya fara fitowa guntu-guntu, sai ga wata tsohuwa da tabarau tana riƙe da almakashi. Na miƙe tsaye har wake ya zube, na ce, "Ya yi, Yaya, tsaya nan!" Sai na ji muryarsa daga nesa yana dariya yana cewa, "Tagar kicin, can sama, gefen hagu! Wa zai ce!"

Da ya dawo gaban wayar yana haki, ya ce mini yana so ya rabu da kebul tun tuni, amma eriya ba ta naɗar shiri, ke kuma sha ɗaya kina wajen aiki. Ya ce yana lallaɓa ki ki koma aikin yamma in shekara ta zagayo, don safiya tana wahalar da gwiwarki. Ranar da kika koma, zai maƙala eriyar ya zaunar da ke ki kalli Goggonki kai tsaye da shayinki a hannu. Kafin nan akwatin zai zauna. Ya ce, "Kada ki gaya mata. Na san ki." Na rantse masa.

Wallahi Anti, da kike ta maganar akwati da fitila ban haɗa su da wannan ba. Sai da na karanta kalmar eriya, na ga Sualihu yana zagaye tagogi, sannan abin ya faɗo mini. Asiri ɗaya ke nan da na taɓa riƙewa a rayuwata, wata takwas cur, shi ma ga shi na tona. Ina ganin wannan karon zai yafe mini.

Ki duba saman durowar kicin, na ji kamar ya ce can zai ɓoye ta, wai ba kya kaiwa. In kin shirya ki kira ni da bidiyo ƙarfe sha ɗayanku, biyar ɗinmu ke nan yanzu. Ki jingina wayar ta kalli talabijin. Sauran aikin nawa ne.

Salwa

Greensboro, 6 ga Disamba

Salwa ƙanwata, sarkin baki,

Sallama. Na san jiya muka rabu a waya, amma kin san yadda muka rabu, ba wadda ta iya haɗa kalma biyu. Kuma ke talabijin kawai kike gani. Bari in ba ki labarin ɓangaren kicin.

Ban jira Sualihu ba, ban jira Asabar ɗin Afnan ba. Abena kaɗai na kira ta riƙe mini kujera, tana ta cewa, "Hajiya, in ka faɗi me zan gaya wa mutane?" Na tattare zanen takaba na hau. Na miƙa hannu saman durowa, sai na taɓo leda. Eriyar ce, ta yi ƙura, wayarta a naɗe tsaf an ɗaure da igiyar takalmi, irin ɗaurin yayanki da ba mai iya kwancewa sai da haƙori. Abena ta kai bakin wayar falo ta jona kamar yadda ta ga mijinta yana yi.

Na matsar da kujera gaban taga na ɗaga labule. Shekara tara ina wanke-wanke a ƙarƙashin tagar nan ban taɓa duba samanta ba. Can a gefen hagu akwai ƙananan ƙusoshi biyu, a tsakaninsu kuma rubutu da fensir, ƙanana ƙwarai don kada mai gidan da muke haya ya gani ya yi magana. Ya rubuta, "Tashar Bebi. Nan."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ina jin ki daga falo kina ta "Bai yi ba! Anti, kina ina? Bai yi ba!" Ai ba zai yi ba, eriyar tana rungume a ƙirjina. Sai da Abena ta girgiza kujerar a hankali na dawo hayyacina. Na ɗaga ta na rataya a ƙusoshin, suka shiga ramukanta daidai kamar jiya aka auna.

Sauran kin sani. Amma ban sani ba ko kin ji abin da kika ce. Ba "Anti" kika ce ba. Cewa kika yi, "Ya yi, Yaya, tsaya nan!" Abena ba ta gane abin da ya sa na zauna daɓas a kan kujera na rufe fuska ba.

Na gode, Salwa. Da kin riƙe bakinki kamar yadda na roƙe ki, da ban taɓa ɗaga labulen nan ba.

Bebi

Greensboro, 14 ga Janairu

Salwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Shekaranjiya na fita takaba. Matan masallaci sun zo, Abena ta dafa shinkafa da wake irin nasu tukunya guda, Afnan ta ɗauki hutu ta kwana uku a gida. Na gode da atamfar da kika aiko, ita na ɗaura.

Ki gaya wa Yaya Abdurrahim an sauke amana. Fitata ta farko ke nan. Afnan ta tuƙa ni Gate City Boulevard, ofishin kamfanin, na rungumo akwatin da kaina na ɗora a kan teburinsu, da rimot ɗinsa da wayoyinsa, ko batir ban cire ba. Yarinyar da ke wajen ta karɓa ta duba lamba ta ajiye shi a kan wasu irinsa sun fi ashirin. Ta ba ni takardar shaida, zan turo masa hotonta ya gani da idonsa. Ki ce masa na gode da ya faɗa mini gaskiya lokacin da ba na son ji.

Ba 'yan kamfanin ne suka kashe fitilar ba. Ranar talatin da ɗaya na yi wanka na share falo na dafa shayi. Sha ɗaya ta buga, jar fitila ta kama a ƙasa, a sama kuma ga Goggo Mai Ƙyalle ta eriya tana yanka ƙyalle shuɗi. Na kalli shirin har ƙarshe. Da fitilar ta mutu don kanta, na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Malam. Ka huta haka, na karɓa." Sannan na zare wayar daga bango da hannuna. Na yi kuka, amma ba irin na da ba.

Litinin zan koma aiki. Na roƙi a mayar da ni na yamma, daga ƙarfe uku, sun yarda ba gardama. Ashe abin da ya yi shekara yana lallaɓa ni a kai magana ɗaya ce.

Sai dai eriyar nan tana da hali irin na gorarku. Tagar kicin tana shigar da iska, ranar da aka yi iska mai ƙarfi sai ta ɗan karkace, hoton ya farfashe. In na hau kujera kuma ba na ganin talabijin. Sualihu ya ce zai manne ta da salatif ta zauna daram, na ce ya bar mini ita yadda take. Saboda haka duk ranar da kika ga kirana da ƙarfe biyar, ki ajiye waken da kike gyarawa ki gyara murya. In bakinki ya sake suɓucewa kika ce Yaya, ba zan gyara miki ba.

Matar yayanki har kullum,
Bebi